Muryar 'Yar Guba

Kafin Ubaidullah ya ga fuskar Afra, muryarta ya fara ji tana yi masa alƙawarin mutuwa.

"Zan zare maka rai a hankali, kana ji kana gani!"

Ya ɗago daga kwamfuta a firgice. A ɗan situdiyon bayan tashar Wudil ne, inda suke fassara katun ɗin Japan, wato anime, zuwa Hausa, shi ne kuma mai naɗar murya. Ya zaci wata gabjejiya zai gani. Sai ga 'yar siririyar ɗalibar jami'a cikin hijabi ruwan toka, da ƙullin gyaɗa a hannu.

"Na yi daidai, ko in ƙara mugunta?"

"Ya isa haka, ranki ya daɗe. Hantar cikina ta kaɗa."

Ta yi dariya. To fa, bawan Allah tun daga ranar bai ƙara dawowa daidai ba.

Afra ce muryar 'Yar Guba, mace tilo a ƙungiyar mugaye ta Hankaki Bakwai. Shugabansu Oga Duhu, mai baƙar riga, abokin aikinsu Garzali ke yin muryarsa, shi ma kuma yana son Afra. Kowane kashi na katun ɗin sai 'Yar Guba ta durƙusa ta ce, "Shugabana, raina naka ne." Garzali kuwa, ɗan duniya, da gangan yake tari a wurin don a maimaita.

Ubaidullah ya kasa haƙuri ya tura mata saƙo: "Gubata, yau sau tara kika ba Garzali ranki. Ni me aka rage min?"

Ta amsa: "Nasa a takarda aka rubuta min, Ubaid. Kai ba wanda ya rubuta min kai, da kaina na zaɓa."

Sai da ya karanta saƙon ya fi sau tara ɗin.

Da magana ta kankama, ya kira mahaifiyarsa a Lajawa don Afra ta gaishe ta. Abin da bai sani ba, Inna ba ta fashin kallon Hankaki Bakwai a wayar jikarta Mas'uda bayan la'asar.

"Inna, ina wuni? Ya gida, ya ƙoƙari?"

Nan take Inna ta ce, "Ba wa Auta wayar." Yana karɓa ta saka salati. "Na san muryar nan! Ba ita ce ta zuba guba a rijiyar gari ba?"

"Inna, zane ne fa."

"Zane ne ke magana? Da kunnena na ji ta ce ranta na mai baƙar riga ne. Matar wani za ka kwaso min, kuma mai guba? Kawunka Isyaku ba inda za shi neman aure sai ta fita daga ƙungiyar azzaluman nan!"

Ya je Lajawa da ƙafarsa, ya yi bayani har maƙogwaro ya bushe. Inna ta ce shi ma an shanye shi.

Ya dawo ya sami Afra. "Don Allah ki bari kawai. Ina tsoron rasa ki, wallahi."

Idanunta suka kawo ruwa. "Ni ma ina tsoro. Amma kashi ɗaya ya rage, kuma na yi wa abokan aikina alƙawari. In na gudu yau, kai ma kada ka yarda da ni gobe."

Haka ya zauna ya naɗi kashin ƙarshe da hannunsa, ransa a jagule.

Ranar da kashin ya fita, Mas'uda ta kunna wa Inna. Kogon Hankaki ya kama da wuta. Oga Duhu ya ari na kare, ya bar ɗan ƙungiyarsu Gurgun Hankaka a ƙarƙashin dutse yana ihu. 'Yar Guba ta riga ta kai bakin ƙofa, sai ta juya da gudu, ta ɗage dutsen, ta goya shi. Ta ɗaga murya ta ce wa Oga, "Raina na ba ka, amma ban ba ka amanar 'yan'uwana ba!"

Wayar Ubaidullah ta yi ƙara. Inna ce, tana jan majina.

"Auta, ta goya gurgun nan! Cikin wuta fa! Yarinyar nan tana da amana, mugun zama ne ya ɓata ta. Maza a auro ta kafin wancan matsoracin ya dawo."

Bai tsaya gyara mata ba. Wa ya aike shi?

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Garzali ya shigo cikin gida yi wa Inna murna, yana buɗe baki da sallama ta gane shi, ta rarumo muciya. Takalminsa ɗaya har yau yana Lajawa.

Washegari amarya ta dama fura ta kawo wa Inna, ta durƙusa. Inna ta dubi ƙwaryar, ta dubi Afra, ta sake duban ƙwaryar.

Afra ta ce a hankali, "Inna, in fara kurɓa?"

"Ke, tafi can!" Inna ta ɗaga ƙwaryar ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasanta. Ta goge baki da gefen zani, ta dafa kan amarya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ga Autana nan, amana. Ko wuta ce ta tashi, na san ba za ki baro min shi ba."