Gidan Malam na Ƙofar Dumi

Juwairiyya na goge tayil a tsakar gida sai ga mijinta Musaddiq ya faɗo ko sallama babu, idanunsa jajur.

"Abban Hamsatu, lafiya?"

"Yaya Badruddeen ya kai gidan nan wurin dillali. Wai a sayar a raba gado!"

Tsumman ya suɓuce daga hannunta. Gidan marigayi mahaifinsu ne, tsohon ginin ƙasa a Ƙofar Dumi. Lokacin da suka tare rufin yoyo yake, ba wanda ya waiwaye shi cikin 'yan'uwa. Su biyu suka tashe shi, shi da ɗinkinsa, ita da suyar cincin, har ya samu siminti da fenti da sola. Da ya yi kyau kuma kowa ya tuna da shi.

"Kotu zan kai shi, wallahi!" in ji Musaddiq.

"A'a, don Allah! Shi ma yana da haƙƙi. Za mu iya samun wani gidan, amma ina za ka samo wani yayan? Ko ɗaki ɗaya ne a unguwar Tirwun, zan bi ka."

Duk da haka ita dangi suka ɗora wa laifi, wai ita ke zuga shi ya riƙe gidan. Ta sha kuka a ɗaki, amma ba ta tanka wa kowa ba.

Ranar Asabar Badruddeen ya zo da wani Alhaji mai saye. Musaddiq ya haɗe rai. Ita kuwa ta shimfiɗa tabarma, ta kawo wainar masa da miyar taushe, ta durƙusa ta gaishe su.

Alhajin ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango.

"Wuri ya yi! Zauren nan zan rushe in fitar da shaguna. Wancan ɗakin kuma sito."

Badruddeen ya yi turus. A zauren nan Malam, mahaifinsu, ya koya musu karatu, ɗakin kuwa na mahaifiyarsu ne. Rabonsa da shigarsa tun rasuwarta. Ya ɗaga labule — ga gadonta na ƙarfe a gyare tsaf, ƙamshin turaren wuta na tashi.

"Wa ke kula da ɗakin Inna?"

"Ni ce, Yaya," in ji Juwairiyya. "Ban riske ta ba, amma ita ta haifa mini miji."

Hawaye suka zubo masa.

"Alhaji, ka yi haƙuri, an fasa." Ya juyo gare ta. "Ƙanwata, ki yafe mini, mun zarge ki a banza. Rabona na bar muku, ƙannenmu kuma ni zan lallashe su."

Da baƙi suka tafi Musaddiq ya riƙe hannunta.

"Da na bi zuciyata, da yanzu ba ni da yaya. Allah Ya saka miki da Aljanna."

"Amin. Mu gode wa Allah."

Haka haƙurin mace ta gari ya tsare mata gida, ya tsare wa mijinta zumunci. Duk wanda ya fifita ɗan'uwa a kan gini, Allah ba Ya barin sa a waje.