Addu'ar da Ta Ƙwace Shafin Hajiya Delu

Ranar kasuwar Yelwa, Hajiya Delu mai bandar kifi ta wayi gari an ƙwace shafin da mutanen Abuja suke sayen kifinta ta cikinsa. An canja kalmar sirri, an sa wata baƙuwar lambar waya. Kwanduna a cike, masu saye kuwa sun koma hannun ɓarawo.

Da Hajiya ta kai ƙara wurin 'yan sanda, Sajan Bara'atu ta fara bincike da Jalaluddeen mai gyaran kwamfuta, wanda ya ɗora wa kwamfutar Hajiya manhajar ajiye kalmomin sirri.

"Ranki ya daɗe, ni na ɗora," in ji shi. "Amma babban mabuɗin manhajar ita ta shigar, ni na juya baya. Da sata nake, ai da kifin zan fara."

Ta koma kan Mansura, ɗiyar Hajiya.

"Inna ba ta bari in taɓa kwamfutarta. Wai hannuna na ƙarni!"

Hajiya ta tabbatar da maganar duka biyun. Sai Sajan ta bi sawun shafukan da aka buɗe, har ta iske wani shafi da ya zo cikin saƙo marar suna: "Allah ya kai Hajiya garin Wara lafiya." A ƙarƙashinsa akwai koren maɓalli, an rubuta "Amin".

"Hajiya, kin danna?"

"Ɗiyata, a yi mini addu'a in ƙi amsawa?"

Jalaluddeen ya tona shafin, ya riƙe baki. An ɓoye maɓallin manhajar a kan "Amin" ɗin, ido ba ya ganinsa. Da ta danna, manhajar da kanta ta zuba wa ɓarawo kalmar sirri.

"Wa ya san za ki Wara?" Sajan ta tambaya.

"Ko Mansura ban gaya wa ba, kada abokan sana'a su riga ni wurin masunta. Sai Surajo mai jirgin ruwa, da na kama wurin zama a jirginsa."

Suka gangara bakin ruwa. Sajan ta gaida Surajo, sannan ta kira baƙuwar lambar. Waya ta ɗauki ruri a ƙarƙashin taru cikin jirginsa.

"Shafin addu'ar ya san da tafiyar Wara," in ji Sajan, "kuma kai kaɗai aka gaya wa."

Surajo ya mayar wa Hajiya shafinta nan take. Sajan ta ciro ankwa, Hajiya ta tare ta.

"Dakata, ɗiyata. Kifina ba ya jiran alƙali. Bari ya fara kai mini kwandunan tasha a ka, sannan ki tafi da abinki."