Hular da Ke Kan Duwatsu

Marziya na shanya 'ya'yan itacen nan masu zaƙi da suke kira chuli a rufin ɗakinsu a ƙauyen Hushe ranar da ta fara ganin Rozi. Yana cikin 'yan dakon da ke raka Turawa hawan dutse, ya ɗaga waya sama yana neman sabis, sai ya yi tuntuɓe.

"Malam, sabis ɗin ba a rufinmu yake ba," ta ce, kanta a ƙasa.

"Ai gara da na faɗi nan," ya ce yana kakkaɓe wando.

A wajen 'yar kawunta ya samo lambarta. Tun da aka kafa eriya mai sola a sansanin masu hawan dutse da ke can sama, kullum saƙo sai ya shigo.

"Chulina, yau sanyi ya ci yatsuna, amma ya bar min ɗaya na rubuto miki."

"Ka sa safa, sarkin surutu. Na gama saƙa maka hula, ja ce."

Amo, mahaifiyarta, ta ga saƙonnin ta ce a'a. Akwai Zulfikar mai shago a garin Skardu, yana son ta, kuma a gida yake kwana.

"Na ba wa dutse ubanki, ba zan ba shi mijinki ba."

Shekara sha ɗaya ke nan da Ata, mahaifin Marziya, ya rasu a kogin ƙanƙara. Kwana tara labarin ya yi yana tahowa a ƙafa. 'Yan uwansa 'yan dako suka tara masa duwatsu a can, suka ɗora hularsa a kai, kamar yadda suke yi wa duk wanda dutse ya riƙe. Amo ba ta taɓa ganin wurin ba.

Rozi ya sake tafiya, jar hular a kansa.

Rana ta takwas da hantsi, 'yar kawun ta shigo da waya. Wata Baturiya ta sa hoto a intanet: tarin duwatsu, jar hula a kai. Ta rubuta cewa kabarin ɗan dako ne.

Marziya ta gane saƙarta. Ta kira shi, wayar ba ta shiga. Dusar ƙanƙara ta rufe solar sansanin, sabis ya ɗauke. Ta dinga tura masa saƙo.

"Rozi, ka yi magana."

"Ko harafi ɗaya ne."

Kwana uku ana shiga gidan su Rozi ana fita. Marziya ba ta da hurumin zaman makoki, ba matarsa ba ce. Ta zauna bakin murhu, shayin gishiri na hucewa a gabanta. Amo ta zauna kusa da ita, ta kasa ce mata "ai na faɗa miki".

Rana ta huɗu wayar ta yi ƙara.

"Chulina, lafiya? Saƙo talatin na tarar. Wai na mutu, ni ban sani ba? Kabarin Atanku na nemo, ya zube, na sake jerawa. Zufa ta dame ni na ajiye hular a kai, ashe matar nan ta ɗauka. Ki yafe min. Ki nuna wa Amo wannan."

Hoto ya biyo baya. Duwatsu a jere, an kankare sunan Ata a jikin wani faranti, bayansa farin dutse har sama.

Amo ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta daɗe tana shafa gilashin da yatsa.

"Ashe nan kake," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Wurin ma da kyau."

Da Rozi ya sauko, ya zo gaishe ta, leɓɓansa duk sun tsage. Ta zuba masa shayi da man shanu mai yawa.

"Wawan yaro, wa ya ce maka ana ajiye hula a kan duwatsu?"

"Na tuba, Amo."

"Dutsen ba za ka bari ba, na sani. To duk inda ka kwana, ka turo mata ko kalma ɗaya. Idan ka wuce wajen ubanta, ka yi masa addu'a."

Bayan an kwashe chuli aka ɗaura aure. Amo ta dafa kawunansu.

"Allah ya albarkace ku, ya dawo mata da kai duk tafiya, da hularka a kanka."

Marziya ta ce amin, ba ta ɗago ba.