Zufar Hannun Dogo

Farfesa ne ya ci mutuncin yarinyar nan, kuma ya san ya ci.

A ɗakin gwajinsa ta haɗu da Dogo. Aikinta jera garin tagulla da na tangaran a ƙaramin mazubi: tagulla zalla a ƙasa, hawa-hawa tana rage ta tana ƙara tangaran, har sama ya zama tangaran zalla. Ta danne, ta gasa a tanderu, abu ya fito kamar kwabo. Dogo ne mai awo. Ta gefen tagulla lantarki ya wuce, ta gefen tangaran ya tsaya cak, haka ake so.

Ran da ta fara miƙo masa, sai ya tuɓe safar hannu, wai ko yatsunsu sa haɗu. Kullum haka. Zufarsa ta riƙa shafar tangaran, wuta ta samu hanya, awo ya lalace har wata uku.

Farfesa bai bincika ba. A gaban ɗalibai ya ce mata, "Ke ko ruwan zafi ba ki iya dafawa ba. Ajiye mana makulli."

Dogo na tsaye. Ya gane zufarsa ce, ya yi gum.

Kwana tara bai haɗa ido da kowa ba, sannan ya rubuta mata: "Tagullata, hannunki bai yi kuskure ba, nawa ne. Kunya ta ɗaure min baki."

Ta amsa: "Ni na sha tawa a tsaye, kai kana shan taka a ɓoye. Kada ka ƙara ce min taka."

Ya je gidansu. Babanta ko kujera bai ba shi ba. "Ana wulaƙanta 'yata kana kallo? Kama hanya, ɗan nan."

Washegari ya tara ɗalibai. Ya sa safa, ya auna aikinta: daidai. Ya tuɓe, ya shafa, ya sake aunawa, allurar na'urar awo ta yi tsalle.

"Ni ne," in ji shi. "Sonta nake."

Aka fashe da dariya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da yamma saƙonta ya zo: "Sakarai. Wata uku kana ɓata min aiki, baki ya kasa faɗa? Koma wajen Baba."

Baba ya ce wanda ya iya tona kansa a bainar jama'a zai iya riƙe mace. An ɗaura aure, Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya.

Amma Farfesa fa? A ofis ya yi wa Dogo faɗa, ƙofa a rufe. Ita ko, ɗan saƙo a waya, wai ta dawo aiki. Ba ta koma ba. A gaban mutane ka zage ta, Farfesa. Fito gaban mutanen nan ka wanke ta.