Katangar Doron Shamuwa

A kan banda suka haɗu, kuma da tsiya aka fara. Gwaggo Zinariya ce ta aiki Saudatu kasuwa sayen kifin miya, ta tarar da wani dogon saurayi yana sauke buhuna daga lori. Ta ɗauki guda ta karya, ta sansana, ta yatsine fuska.

"Malam, wannan ai hayaƙi kake sayarwa, ba kifi ba."

"Ko hayaƙin ma ya sha hanya, 'yan mata. Daga Tafkin Cadi ya taso don ya zo ki raina shi."

Dariya ta kuɓuce mata ba ta shirya ba. Sunansa Sabitu, haifaffen Zungur, amma tun yana ƙarami ya bi kawunsa wani gari a bakin tafki da ake kira Doron Shamuwa, can arewa da Yerwa inda hanyar mota take ƙarewa. Ranar ta koma gida da kifin da ya fi wanda aka aike ta, Gwaggo ta dubi kwanon, ta dube ta.

Ba ya daɗewa a Bauchi in ya zo, saboda haka yawancin zancensu a takarda yake. Obadiya, direban lorin, mutumin kudancin Bauchi ne mai son barkwanci, shi yake kaiwa yana kawowa. Sabitu a ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, rubutunsa manya-manya ne a karkace.

"Sauden Gwallaga, yau na ga ruwa ya haɗe da sama, na rasa wanda zan nuna wa. Ki gai da Gwaggo. Naki, Mai Hayaƙi."

Ita kuma ta mayar masa: "Mai Hayaƙi, ka ajiye mini ruwan, kada ka shanye. Ni ban taɓa ganin wanda ya fi na kududdufin unguwarmu ba."

Da magabatansa suka zo daga Zungur neman aure, sai magana ta tsaya a wurin mahaifinta. Malam Ɗanlarai magini ne, rabin sorayen unguwarsu ta Gwallaga aikin hannunsa ne. In aka kawo masa maganar mutum, ba ya tambayar abin da ya tara, sai ya ce a nuna masa katangarsa. Ga kuma Mansir, akawu a ofishin En'e, yaro mai ladabi da sabon keke, wanda shi Ɗanlarai da kansa ya gina gidan ubansa. Saudatu ba ta ƙi Mansir don wani aibu ba. Zuciyarta dai ta riga ta bi lori.

"Ba na ba da 'ya gidan da ba a gani ba," in ji Malam Ɗanlarai. Ya tashi ƙaninsa Mijinyawa ya je ya yi bincike, kamar yadda aka saba.

Baffa Mijinyawa ya tafi da bazara, ya dawo baƙi wuluk, leɓɓansa a tsattsage. A tsakar gida ya ba da labari, Saudatu na jin sa daga bakin murhu.

"Yaya, babu gari. Na bar mota na hau jaki, na sha rairayi har aka nuna mini wani tudu aka ce nan ne. Turaku kawai na gani da toka. Ba mutum, ba ruwa, ko kaza babu. Yaron nan ya yi mana ƙarya."

Ludayi ya faɗi daga hannun Saudatu. Baffa ba maƙaryaci ba ne, ta sani, kuma abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Ta rubuta wa Sabitu layi ɗaya tak: "An je ba a ga garinku ba. Ka faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce."

Damina ta rufe hanya, amsa ta yi nauyin zuwa. Da ta iso, ga abin da ta ce: "Saudena, garinmu yana bin ruwa ne. In tafki ya ja baya mu ɗauke rumfunanmu mu bi shi, in ya cika mu dawo tudu. Baffa ya zo muna can ciki. Na ji abin da Baba ya ce game da katanga. Ban yi miki ƙarya ba."

Ta kai wa mahaifinta, ta durƙusa ta karanta masa. Ya yi tsaki.

"Gari ba ya tafiya, Saudatu. Da kaka zan ba iyayen Mansir amsa."

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Ka je da kanka. In ka ga abin da Baffa ya gani, wallahi ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."

Ya daɗe yana kallonta. Tun rasuwar mahaifiyarta bai taɓa jin ta roƙe shi wani abu ba.

"To, zan je. Kuma da ke da gwaggonki za a tafi, ki gani da idonki, in huta da wannan ramar da kike yi."

Da kaka suka tashi, ana tsakiyar murnar samun mulkin kai, har Obadiya ya ɗaure 'yar tuta kore da fari a goshin lorinsa. Ya ba Malam Ɗanlarai kujerar gaba, matan suka zauna a baya kan buhunan gero. Suka wuce Darazo, suka wuce Potiskum, duwatsun Bauchi suka ɓace, ƙasa ta shimfiɗe, itatuwa suka yi ta gajarta. Bayan Yerwa sai rairayi, lori ya kafe, kowa ya sauko turi, har da Malam Ɗanlarai da babbar rigarsa.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Obadiya yana share gumi. "Wannan hanya, ita ma ba ya zama wuri ɗaya."

Malam Ɗanlarai bai yi dariya ba. Saudatu ma haka, don tun da suka shiga dajin nan tsoro ya kama ta. In Sabitu ya yi ƙarya, ta rasa shi. In kuma gaskiya ya faɗa, to nan ne za ta zauna, nesa da Gwaggo, nesa da duk wanda ya san sunan yarintarta. Ta auna wannan a ranta tsawon hanya, ta ga har yanzu tana son gaskiyar.

A kan jakuna suka ƙarasa, da hantsi. Ruwan ta fara gani, fari fat har iyakar ido, tsuntsaye na tashi daga cikin ciyayi. Sannan ta ga garin yana tahowa. Jinkar ɗakuna ce a kan kawunan maza, mata da tukwane da zana, yara na kora awaki, duk sun nufo tudu, ruwa na biye da su a hankali. A gaba an ɗauko wata tsohuwa makauniya a kan gadon kara, ɗakinta kuma shi aka fara kafawa kafin na kowa. Cikin masu riƙe da jinkarta har da Sabitu, taɓo har gwiwa.

Gwaggo ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ɗanlarai, ga gari yana tafiya."

Sabitu ya hango su, ya rugo ya zube gaban Malam Ɗanlarai. Ya saci kallon Saudatu, ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan mayafinta. Amma dattijon ba su yake kallo ba. Can a ƙoƙuwar tudun akwai wani abu tsaye shi kaɗai a cikin ɗakunan ciyawa, ɗakin ƙasa ne da bai kai kafaɗa ba, ya karkace, ya tsage daga sama har ƙasa.

"Wancan fa?"

"Ni nake ginawa, Baba," in ji Sabitu, murya ƙasa-ƙasa. "Na ji an ce ba ka ba da 'ya inda babu katanga. Tun damina nake yi yana rushewa."

Malam Ɗanlarai ya hau tudun, ya zagaya ginin, ya ɓantari tubali ya murza, ya zube a hannunsa kamar garin tuwo.

"Wa ya koya maka kwaɓa ƙasa da rairayi zalla? Ina laka? Ina ciyawar da za ta riƙe ta?"

"Ba wanda ya koya mini, Baba."

"Na gani." Ya juya ya dubi ɗakin makauniyar, inda maza ke ta ɗaure zana. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Saudatu, ya naɗe ƙafar wando.

"'Yata ba za ta kwana ƙarƙashin wannan abin kunya ba. Rushe shi. Ka nuna mini inda laka take a garin nan, ka kawo ruwa."

Sabitu ya tsaya baki buɗe. Saudatu ta rungume rigar, tana kuka tana dariya.

"Mai Hayaƙi, ba ka ji ba ne? Baba ya ce ka kawo ruwa."

Sai da ɗakin ya kai rufi suka koma Bauchi. Malam Ɗanlarai ya je da ƙafarsa ya ba iyayen Mansir haƙuri, aka rabu da mutunci. A Gwallaga aka ɗaura aure, Baffa Mijinyawa ne waliyyi, ana ta tsokanarsa da garin da ya ɓace masa. Ranar tafiya Obadiya ya kawo lori har ƙofar gida. Malam Ɗanlarai ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. In ruwa ya ja, ki bi mijinki, kada ki tsaya gadin ɗaki. Ni na gina shi, kin dawo za ki same shi a tsaye."