Muryar Hajiya Fatsuma

Ranar da Raudatu ta fara ganin Kassim, saura ƙiris ta kwaɗa masa mari. A wani ɗakin taro ne a unguwar Highbridge, ana haska fim ɗin da ya haɗa kan farfaɗowar waƙoƙin gargajiya a tsakanin Hausawan New York. Sai ga mahaifiyarta, Hajiya Fatsuma, ɓaro-ɓaro a allo, ɗankwali ya zame, tana dukan ƙwarya tana rera amada a bikin suna, maza kuma suna ta tafi.

Ana kunna fitila ta miƙe ta wanke shi tas a gaban jama'a. Ya ce da izinin Hajiya aka ɗauka, ta ce ƙarya yake. Idan ran Raudatu ya ɓaci, kunnenta toshewa yake, ko da ta koma gida ba ta tambayi Hajiya ba.

Bayan mako ya samo lambarta ya turo saƙo: "Na cire wurin, ko da yake shi ne ran fim ɗin. Fushinki ya fi ƙarfina, Gimbiya."

"Ni ba gimbiyarka ba ce," ta mayar masa. Amma ba ta goge lambar ba. Kafin sanyi ya wuce, idan bai kira ba ita ke nemansa da faɗa.

Da magabatansa suka zo neman aure, Hajiya ta ce atafau ba ta yarda ba. Raudatu ta ɗauka fim ɗin ne ya kunyata ta, ta durƙusa tana rantsuwar an cire wurin tuntuni.

"Ai shi ne laifin," in ji Hajiya. "Shekara da shekaru ina jinyar tsofaffin wasu a garin nan, ba wanda ya san sunana. Rana ɗaya aka ji muryata, kika tashi kika rufe min baki. Shi kuma da kika daka wa tsawa ya yanke ni, ba zan ba shi 'ya ba."

Kunya ta kama Raudatu, ta yi kuka mai zafi. Kassim ma ya yi nasa fushin kafin ya sauko, ya mayar da wurin, ya zo har gida ya ba Hajiya haƙuri, sannan ta amince.

Washegarin ɗaurin aure aka sake haska fim ɗin, Hajiya a kujerar gaba. Da aka gama ta dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da za su tambaye ku kafin su yi fushi dominku."