Eh Ɗin Tafinta

Keziya tana bayan zana, tana tsince wake, ta ji mahaifinta ya yi tambayar.

"Toma, an ce mini ba ka son auren 'yata. Ba ka so?"

"Eh, Baba!"

Faifan ya suɓuce mata.

Mahaifin nata, Baba Sati, ya ce, "To. Ka huta, mu ma mun huta. Tashi ka tafi."

Shekara biyu Toma yana nemanta, tun lokacin da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Sabon Gari. Shi ne tafintan Baturen tasha, a hannun 'yan mishan ya tashi, Turanci ya zauna masa a baki. Rhoda, 'yar kafintan tasha, ita ta kawo wa Baba Sati gulmar, don ta daɗe da sa ido a kan Toma.

Keziya ba ta yi kuka ba. Washegari da hantsi ta naɗe gyalen da Toma ya ba ta, ta nufi tasha.

Ta same shi zaune kan buhun gyaɗa, idanunsa sun yi ja.

"Ga kayanka."

"Keziyata... me na yi aka kore ni?"

"Kai ka sani."

Ta juya za ta tafi, sai ta ga yadda leɓensa ya bushe. Tausayi ya riga fushi.

"Ba ka karya ba?"

"A'a, ban karya ba."

Ta tsaya cak.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a..."

"Malam Toma, Bahaushe cewa zai yi eh, ban karya ba. Jiya da ka ce wa Baba eh, me kake nufi?"

"Ina so mana! Haka ake amsa wa Bature. In ya ce ba ka so, ka ce eh, to kana so ke nan."

Ya dafe kai. "Wayyo! Rhoda kullum dariya take mini kan wannan..."

"Ashe ta san irin tambayar da za ta sa a bakin Baba."

Baba Sati mutum ne mai riƙe magana. Da yamma ya saurare su, yana murza gemu.

"Ni abin da kunnena ya ji na sani. In kowa zai faɗi magana ya dawo ya ce ba haka yake nufi ba, da me za a kama mutum?"

Keziya ta durƙusa. "Baba, da bakinsa ya yi kuskure. Ƙafarsa fa? Shekara biyu tana zuwa ƙofar nan, har gonarka ta Samaru ta kai shi noma."

Tsohon ya dubi Toma.

"Zan sake tambaya, sau ɗaya. Abin da ka faɗa shi zan riƙe. Ba ka fasa ba?"

Toma ya buɗe baki, "A'..." Ya haɗiye sauran. Keziya ta runtse ido.

"Eh, Baba. Ban fasa ba. Ina son ta!"

Baba Sati ya yi murmushi.

"Ka turo manyanka ranar Asabar. Amma ke za ki riƙa yi masa tafinta."

Keziya ta sunkuyar da kai, ta warware gyalen, ta yafa.